Garwashin Gidan Devane

Malachy Devane ya iso ƙofar gidan ubansa a kan keken jaki, sanye da kwat ɗin aro, rabin ƙauyen Kilbrack na biye da shi da ganga. Tun yana saurayi mai ƙasar da suke haya a hannunsa ya kore su daga wannan gona. Uwarsa ta mutu a bukkar gefen hanya, shi kuma ya tsufa a fasa dutse. Yanzu sabuwar doka ta ce a mayar wa korarrun manoma gonakinsu, a fitar da waɗanda suka shiga bayansu.

Wadda za a fitar ita ce Nance Hession. Mijinta ne ya karɓi gonar a wancan lokaci, don haka muka yanke musu magana: ba gaisuwa, ba ciniki, ko gawarsa ba mu ɗauka ba. A wannan fanni mu mutanen Kilbrack jarumai ne. Ƙin gaida tsohuwa bai taɓa gagarar mu ba.

An riga an zube kayanta a cikin yayyafi. Tana tsaye bakin murhu, riƙe da 'yar tukunyar ƙarfe.

"Malachy, abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Garwashi guda in tafi da shi. Ka san ba mai sam mini wuta a garin nan."

"Ku ji ta!" in ji Festy maƙeri daga taga. "Ta cinye gona, yanzu toka take nema. Zuba mata a aljihu, Malachy!"

Aka kwashe da dariya.

Malachy bai yi dariya ba. Ranar da aka kore su yake gani, sa'ad da ɗan aiken kotu ya sheƙa bokitin ruwa a murhun nan, alamar gida ya fita hannunsu. Wuta ce da ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin kakansa. Kullum uwarsa kan binne ta a toka, da safe ta tone. Ƙarar mutuwar wutar ba ta bar kunnensa ba.

Ya ɗauki bokitin da ke bakin ƙofa.

"Malachy, tsaya ka ji..."

Shuuu! Tururi ya turnuƙe ɗakin. A waje aka buga ganga.

* * *

Nance ta daɗe tana kallon baƙin ruwan da ke gangarowa wajen takalman Malachy.

"Wutar uwarka ce," ta ce.

"Me kika ce?"

"Da yammacin ranar da aka kore ku aka sa mu a gidan nan, na tona tokar, na tarar da garwashi guda ɗaya can ƙasa, ruwa bai kai gare shi ba. Na hura shi. Tun ranar ban bari ta mutu ba. Kada ka ɗauka kirki ne, tsoron abin da zai same mu in ta mutu nake ji." Ta rufe tukunyarta. "Da ka bari na ɗiba, da yanzu kana da inda za ka je roƙo."

Ta fita. Jama'a suka buɗe mata hanya, kowa ya juya baya kamar yadda muka saba, sannan suka nufi mashaya don yin murna.

Malachy ya durƙusa yana tonon jiƙaƙƙiyar toka da hannu biyu, har kwat ɗin mutane ya yi baƙi ƙirin zuwa gwiwar hannu.

Festy ya leƙo ta taga.

"Haba dattijo, kai ake jira fa. Mene ne na tono?"

Ya jefo masa kwalin ashana. Kwalin ya faɗa cikin ruwan.