Kwanon Hanifa

Zazzaɓi ne ya hana Zuwaira bin motar kallon namun daji. Mijinta ya tafi, ya bar ta a tanti da 'yarsu Hanifa mai shekara uku. Tun isowarsu gandun dajin mai gadi ya ja musu kunne, kada a ba dabba abinci. To, Zuwaira ce fa, ba ta iya cin abu ido na kallonta. Da safe wata uwar gwaggon biri mai goyo ta tsura musu ido, sai ta zuba dambun nama a kwano ta ce, "Hanifa, miƙa wa baiwar Allah." Uwar birin ta fizge har da kwanon.

Da azahar ta ja zif ɗin tantin, ta rungume 'yarta, idonta ya yi nauyi.

Sai ga tantin yana numfashi kamar cikin saniya. Ciyawa ta tsiro ta cikin katifa. Zif ɗin ya washe haƙora ya ce, "Kin yi baƙi."

"Ka ce ba na nan."

"Ni ƙofar ƙyalle ce, uwar ɗaki. Wa zan iya tarewa?"

Wata tsohuwar giwa sanye da hular mai gadi ta sa ta gaba. Suka ratsa wani kogi mai gudu zuwa sama, kifaye na zubowa daga gajimare.

"Iya, ina za mu?"

"Gidan maƙwabciyarki. Ai ke kika fara aika mata da kwano."

A gindin wata kuka uwar birin na zaune, ta yi goyo da zanen Zuwaira. Ta turo kwanon a rufe.

"Ba ma mayar da kwano wayam, maƙwabciya."

Zuwaira ta buɗe. Jaririn biri ne a ciki, yana tsotsar yatsa. Ta ɗago kai, sai ta ga ƙafafun da ke reto daga goyon sanye da jan takalmin Hanifa. Wayyo Allah!

"Nama na ba ki, ba 'ya ba!"

"Da hannun wa kika miƙo?"

Ta buɗe baki za ta kurma ihu, dambu ne kawai ke zubowa.

Firgigit ta farka, sharkaf da gumi. Ta shafa gefenta, ba kowa. Zif a zuge daga ƙasa, daidai tsayin yaro. A bakin ƙofa ga kwanon nan, an lashe shi tas. Can bayan tantin ta jiyo muryar Hanifa cike da murna:

"Baiwar Allah, zo ki karɓa, na kawo miki ƙari!"