Gefen Hagu na Noreen Ne

Shekara talatin ni da matata Noreen muna ƙera bututun hayaƙin turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, na motocin tsere a garejinmu da ke garin Kokomo. Kowane bututu bawul biyu muke sa masa, masu sakin hayaƙi idan ya yi yawa. Na dama ni nake yi wa walda, na hagu ita. Waldarta siririya ce kamar ɗinkin keke. Tawa kuwa, in ji ta, kamar da ƙafa na yi.

A watan Maris ta rasu.

Jiya da hantsi Cody Brubaker, wani direban tsere, ya zo karɓar aikinsa, na farko da na gama ni kaɗai. Ya jujjuya shi yana shafawa.

"Tsoho, ashe da sauranka," ya ce yana dariya. "Dubi yadda gefe biyun suka fito iri ɗaya sak. Ba ku taɓa yin mai kyan wannan ba."

Na ce, "Kwashi kayanka ka ba ni wuri."

Ya fita yana waiwaye, bai san laifinsa ba.

Kwana uku na yi a kan gefen hagun nan ina kwaikwayon hannunta. Ga shi har Cody, da bai san komai a walda ba, ya ga hannu ɗaya ne ya yi duka biyun, nawa.