Littafin Masu Ginar Rijiya

A zamanin da Nasara ke mulki, lakwal ɗin Dakoro, wato makarantar boko, aji biyu gare ta, malam Harisu, da yara ke ce wa Mushe, ke riƙe da ƙananan. Littafin hoto ɗaya suke da shi, daga Faransa ya zo, cike da jiragen ƙasa da itatuwan da ba wanda ya taɓa gani. Yara su kalla, su yi hamma. Harisu kuwa Allah ya ba shi hannun zane, sai ya ƙudura zai yi musu nasu.

Ya zaɓi labarin Abarci, tsohon maginin rijiya, wanda yawancin ruwan da ake sha daga Birnin Lalle zuwa Tagris shi ya tono shi. Ya roƙi takardun buhun siminti a wurin ginin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya kaɗe, ya yanka. Baƙi ya samu daga gawayi, shuɗi daga baba, ja daga karan dafin dukawa. Ya zana Abarci yana yaro yana tonon rairayi. Ya zana shi saurayi a cikin rijiya, a sama kuma amininsa Samba Bafillace yana riƙe da igiya. Hutun damina kaf a kan aikin ya ƙare.

Da ya kai wa tsohon, Abarci ya yi ta juya takardun yana murmushi, har yatsansa ya tsaya.

"Wanga dogo fa?"

"Samba ne, Baba."

"Hidda shi."

Harisu ya san dalili, gari duka ya sani. Ranar da kumandan ya yafa wa Abarci babbar riga a gaban jama'a saboda rijiyoyin, ba a ambaci Samba ba, Abarci kuma bai ce uffan ba. Tun daga nan ko gaisuwa babu tsakaninsu.

"Baba, labarin abota ne nake son yara su ji."

"In labarina ne, hidda shi. In nashi ne, hidda ni."

Harisu ya koma yana cizon yatsa, ya sake zane, ba Samba. Da ya nuna wa yara, suka matso kamar za su shige takardar. Amma wata yarinya, Ma'u, ta ce, "Mushe, wa ya riƙe mishi igiya? Zai faɗi." Aji ya ɗauka. Ya ce su yi shiru.

Kafin Juma'a magana ta kai kasuwar shanu. Samba ya tare shi a bakin kara.

"Ɗan nan, na ji an shafe ni. Ƙuruciyata duka bakin rijiyoyin mutumin nan ta ƙare, dubi tafin hannuna. Mai da ni, kuma ka yi ni babba."

Harisu ya ji kamar ya cusa takardun a murhu. Saboda yara ya fara abin nan, ga shi tsofaffi sun mai da shi shari'a. A karo na uku ya yi dabara: ya zana mutum biyu sun ba da baya, ba fuska, ba suna. Da wannan ya cinye ragowar takardunsa.

Wata safiya yana cikin darasi ya hango Abarci da Samba ƙarƙashin aduwar lakwal, kowa a gefensa, kowa ya zo ƙara. Ya fito ya durƙusa, ya miƙa littafin. Abarci ya duba, ya tura wa Samba ba tare da ya kalle shi ba.

"Gani abin da ya yi muna. Ba huska, kamar ɓarayin awaki."

Samba ya kusanto da takardar idonsa. "Kuma ya yi maka ƙusumbi."

"Kai ya ba ka ƙafafun zalɓe."

Suka taru a kan Harisu, wannan ya faɗa, wancan ya ƙara, har Samba ya tuna masa da rijiyar Tagris da ta kusa rufta musu, wadda ba a sa a littafin ba. Abarci ya ce lalle a sa ta, da ta Birnin Lalle.

"Baba, takarda ta ƙare," in ji Harisu.

"Nemo wata," suka ce.

Suka tashi suka nufi kasuwa tare, suna gardamar wace rijiya ta fi zurfi. Harisu ya tsaya da littafin a hannu. Ginin kumandan an gama shi, siminti ba zai sake zuwa ba sai baɗi. Daga aji yara na kiransa, suna tambaya ko an gyara. Ya shiga, ya ɗauki alli, ya fara zana bakin rijiya a jikin allo.