Hira ta Arba'in

"Mayar da shi baya kaɗan," in ji Dakta Nu'uman daga kan katifa. "Me ya ce bayan ruwa ya ci gonar?"

Na danna kwamfutar da ke kan cinyata. Muryar wani manomi ta sake fitowa, yana ba da labarin ranar da ya tsaya bakin kogi yana tunanin ya faɗa.

Dakta maƙwabcina ne a Haɗeja, katanga ce ta raba mu. Malamin jami'a ne, fannin halayyar ɗan Adam. Bayan ambaliya ya zaga ƙauyukan Kirikasamma ya naɗi hira da mutum arba'in, ya yi wa kowa alkawarin ba mai gane shi. Wata manhaja ta mayar da muryoyin rubutu, wata ta goge sunaye ta sa lamba. Saura a ɗora rubutun a rumbun intanet inda masu bincike ke ɗauka, sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

"Ai manhajar ta cire sunansa," ya ce.

"Ta cire, Dakta. Amma ta bar inda ya ce shi ne mai injin ban-ruwa biyu a gindin gada. Ko akuyar garin ta san shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Malam Ja'afaru, kai da ka shiga boko da furfura, yau kai ke gyara wa na'ura aiki. Goge."

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar. Ina saurara, in na ji abin da zai tona mutum in faɗa, shi ya ce goge. Ranar Laraba muka gama ta talatin da tara. Alhamis da hantsi ya cika, aka kai shi bayan azahar.

Ranar sadakar uku abokiyar aikinsa, Dakta Mardiyya, ta zo karɓar kwamfutar.

"Baba, yau ake rufe karɓa a rumbun. Ai na ɗauka an gama."

"Saura ɗaya, Hajiya. Ba ni zuwa la'asar."

Ta dubi agogonta, ta shige wajen mata.

Na zauna a zaurensa, na sa abin ji a kunne. Na arba'in masunci ne. Ya ce tun ambaliya ba ya iya shiga ruwa. Yakan fita da komarsa ta kamun kifi, ya zauna bayan gari, ya dawo ya ce wa iyalinsa bai kama ba. "Ni kuwa ɗan Sarkin Ruwa," ya ce.

Na san muryar. Mai ita yana nan ƙofar gida cikin masu zaman makoki, ɗazu muka gaisa.

Na nemo layin da yatsa, na goge shi. Sannan na leƙa. Ya tsugunna gefen tabarmi da buta zai yi alwala, yana tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan a tafin hannunsa.