Kwamfutar da Aka Auna

A Zumuntar Mata na fara jin maganar. Wai Judith, 'yar marigayi Nicholas da aka ɗauka aikin kwamfuta, ta kwance kwamfutocin da aka ba makarantar cocinmu kyauta, ta cire katunan hoto masu kyau ta sayar wa wani mai gyara a Trikania, ta maye gurbinsu da na jabu. Hujjar kuwa a fili take: kana kunna kowacce a ɗakin yara sai sikirin ya yi zane-zane kore, ya mutu. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a Unguwar Boro ya koyi kafa kwamiti, don haka dattawa suka kafa nasu, suka ce ran Lahadi bayan sujada za a sallame ta daga aiki.

Na koyar da lissafi har furfura ta cika mini kai, kuma ban taɓa ba ɗalibi maki don ya rubuta cewa kowa ya sani ba. Wace irin ɓarauniya ce za ta yi sata, sannan ta wuni gaban shaidar tana gumi? Na ɗauki lemata na tafi.

Na fara da bayan kwamfutocin. Takardar hatimin da masu kyautar suka manna a kan kusoshi tana nan, ba a yage ko ɗaya ba. Na gaya wa Baba Ishaya, shugaban dattawa, ya ce yaran yanzu har hatimi suna bugawa. To, ashe sai an ga hoto da ido.

Judith ta ba ni kujera, idonta a kumbure. Na ce ta bayyana mini kamar ni 'yar aji ɗaya ce. Ta ce akwai manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da katin hoto. Tasu ta kyauta ce, rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara, sai dai ba a gine take zuwa ba, kai za ka gina ta. Hanyoyin ginin biyu ne. A tsohuwar, kai ke rubuta irin katin da kake da shi da hannunka. A sabuwar, tsarin ne ke dudduba na'urar da kansa ya zaɓi abin da ya dace. Ita sabuwar ta ɗauka, don duk masana sun ce ba ta kuskure.

Wannan "ba ta kuskure" ɗin ne ya tsaya mini a wuya. Na ce ta nuna mini dubawar. Ta ce sai mun je ofishin Fasto.

"Me ya kai gini ofishin Fasto, 'yata?"

"Mama, ai kin san mu. Ko buhun siminti ne, can ake fara sa masa albarka. Kuma can janareto yake. Na gina a can, na kwafa a faifai na zuba wa sauran."

Muka je. Fasto ya fita ziyarar marasa lafiya. Ta kunna kwamfutar Fasto, rubutu fari ya yi ta gudu a kan baƙin sikirin, layi bayan layi, yana cewa ya duba kaza ya samu, ya duba kaza bai samu ba. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, kamar tela mai awo yana magana shi kaɗai. Na ce ta tsayar, na sa tabarau.

"Wa yake aunawa yanzu?"

"Kwamfutar."

"Wacce?"

 Ta ce ai duk iri ɗaya ne, mota ɗaya ta kawo su, ga launi ɗaya. Na ce ni ma da ƙanwata launinmu ɗaya, amma rigata ba ta shigarta.

Na tare Baba Ishaya a bakin ƙofa na tambaye shi yadda aka yi kwamfutar ofis ta zama ta Fasto. Ya gyara tsayuwa ya ce ai ba a ba bawan Allah ragowa. Ranar da kayan suka iso, kafin a ɗauki Judith aiki, su dattawa suka tambayi direban motar wacce ta fi sabunta, suka kai ta ofis. Bai ga dalilin sanar da yarinya ba.

Judith ba ta jira ƙarshen maganarsa ba. Ta ja waya daga janareto zuwa ɗakin yara, ta zauna gaban ta kusa da taga. Ta tambaye ni ko ta koma tsohuwar hanya. Na ce ban ga laifin sabuwar ba tukuna, a bar ta ta auna mai rigar. Tsohuwar na'urar ta yi ta nishi har la'asar, ni ina cin gyaɗa ina kallon layukan. Da ta sake kunnawa, sikirin ya yi ƙyaf, sai ga hoto tas.

Ran Lahadi aka tambaya ko akwai mai magana kafin a yanke hukunci. Na miƙe.

"Ba a cire komai ba. Katin da ke cikin ta Fasto daban ne da na yara. A kan ta Fasto aka gina manhajar, ita aka auna, shi ya sa ta ƙi yi a na yara."