Ranar da Aka Zo Neman Auren Kukata

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari. Gidana ne, amma ba garinmu ba ne. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mata sun kife tukwane suna tara. Ban yi mamaki ba. Na naɗe ƙafar wandona na zauna a ƙofar gida.

Sai ga Cindo, taubashina, ya ce in gyara zama, baƙi sun zo neman aure. Na ce 'ya'yana mata duk suna ɗakunansu. Ya ce ai kukar bayan gida ake so.

Kukar nan kakana ya tarar da ita. Ganyenta muke miya, ɓawonta nake tuƙa igiya. In ta tafi, tuwo gaya zan ci.

Wani bunsuru ne wakilin ango. Daga ofis ya taso, biro a bayan kunne. Ya ajiye ƙwaryar goro a gabana, ya ce angon ɗan uwan kuka ne daga ƙetaren teku, wata ƙasa Ostareliya, sunansa Bowab. Na ce wannan suna ba a yanka masa rago ba.

Angon ya shigo. Gajere ne, ciki kamar kwalba, wuya siriri, rassa a barbaje kamar wanda aka tasa daga barci. Ya durƙusa, zaure ya tsage.

Na tambayi sana'arsa. Bunsuru ya ce ajiyar ruwa: da damina yana sha ya cika ciki, da rani yana zaune abinsa. Na ce wannan ba sana'a ba ce, haɗama ce. Na tambayi tufafinsa. Aka ce da rani yakan zubar da ganye kaf, ya tsaya tsirara har ruwa ya dawo.

"Surukina, tsirara?" na ce.

"Taka fa, tsoho?" in ji Cindo. "Da rani zane take ɗaurawa?"

Ban kula shi ba.

Sai ga mu a bayan gida. Angon ya fitar da fure fari, mai ƙamshi. Bunsuru ya ce da magariba yake buɗewa, ba ya daɗewa ya yanƙwane. Na ce haka alkawarin samari yake. Na nemi 'ya'yansa in gani, aka fasa min ɗaya. Gari fari, da tsami kamar namu, sai dai ƙoƙon ƙarami ne. Na ce ko farau-faraun yaro ɗaya ba zai yi ba.

Kukata ta yi gyaran murya. Ban taɓa jin muryarta ba. Irin ta gwaggona ce.

"Mati, tun kana yaro kake saɓule min ɓawo, ina mayar da sabo. Ka taɓa ce min sannu?"

Na ce itace ba a gaishe shi. Ta ce shi baƙon ya gaishe ta, har ya tambayi saiwoyinta.

Na miƙe na yi magana irin ta manya. Na ce ba na bayarwa. Ba mu san asalinsa ba, ba mu san kakansa ba, kuma ni Mati ba a taɓa jin na janye magana ba. Bunsuru yana kallon bakina.

"Me kake taunawa?" in ji Cindo.

Goro ne. Na ƙwaryar. Hannuna ne ya saba, tun a zaure nake ɗauka ban sani ba. Har na ɓara na biyu.

Bunsuru ya ce alhamdu lillahi, waliyyi ya ci goro, magana ta ƙare. Na yi ƙoƙarin tofarwa, tofin ya bi ruwa ya hau sama. Aka shafa fatiha.

Kukata ta zare saiwoyinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cire ƙaya. Awaki suna guɗa. Ta bi bayan gajeren nan, jemagunta na biye da ita, ko waiwaye babu. Na tsaya bakin ramin da ta bari. Cindo ya ce in yi haƙuri, in shuka wata, jikan jikana zai sha miya.

Ƙarar murfin tukunya ce ta tashe ni. Tabawa, mai ɗakina, tana ɗumame a tsakar gida. Na tambaye ta wace miya ce.

Ta ce kuɓewa, kuka ta ƙare.

Na nufi bayan gida ko takalmi ban sa ba.