Ɓarawon Ƙanƙara

A duk kwarinmu babu wanda ya kai Gonda Shigezo iya kwashe ƙanƙara, kuma babu wanda ya kai shi sanin haka. Gidansa ne na ƙarshe, can a gindin dutse. Hanyar da ta taso daga titi zuwa ƙofarsa doguwa ce, ta ratsa gonakin shinkafa, ta karkata, ta sake karkata, kafin ka isa ka manta abin da ya kawo ka. Shekara hamsin yana share ta shi kaɗai da shebur, inji bai taɓa taka ta ba. Gefenta kuwa ya yanke shi tsaf kamar awara. In ya gama sai ya sauko titi, hannu a baya, yana leƙa ƙofar gidajen mutane yana girgiza kai. Mun sha jin haushinsa a kan wannan, ba sai an ɓoye ba.

Da kaka likitan birni ya sallamo matarsa Kinue, ya ce a kai ta gida ta huta, da wuya ta ga sabuwar shekara. Ita kuwa ko a jikinta. Ranar da ƙanƙara ta fara sauka da gaske, tana kwance kusa da murhu, ta kira shi.

"Tsoho, ka tuna yadda aka fitar da gawar uwarka?"

Wa zai manta? Shekarar hanya ta toshe, aka ɗaure marigayiya a kan katakon da ake janyo itacen wuta da shi a kan ƙanƙara, maza na ja. A kwanar farko igiya ta suɓuce, baiwar Allah ta gangara ita kaɗai har tsakiyar gonar su Kumagai, malamin haikali na bin ta a guje yana addu'a. Har yau in an ɗan sha giya sai wani ya tayar da zancen.

"Ni ba za a yi mini haka ba," in ji Kinue. "Mota za ta zo har ƙofa, baƙa, mai sheƙi, a ɗauke ni kamar mutum. In hanya ba ta buɗe ba, ba inda za ni."

"Ba inda za ki?"

"Kurma ka zama? Ba inda za ni."

Shigezo ya san matarsa. Macen da ta taɓa riƙe naƙuda don ba a gama dashen shinkafa ba, in ta ce ba za ta mutu ba, to mutuwa ta nemi kujera ta zauna. Ya fita ya dubi sheburinsa, ya dubi hanyar da ta fara yin fari. Ya mayar da shebur rumfa ya ja ƙofa.

Siririyar hanyar ƙafa kawai ya bari, wadda ma'aikaciyar jinya za ta bi da jakarta tana nishi tana tsine wa duwatsu. Mota kam ko ta wasan yara ba ta shiga. Sabuwar shekara ta zo ta wuce, Kinue na nan daram, tana ƙorafin gishiri ya yi yawa a miyar miso. Kullum da safe sai ta tambaya, "Hanya fa?"

"Ƙanƙarar bana ba ta da kunya, tsohuwa. Ina kwasa tana dawowa."

"Kai dai ka tsufa."

"Na tsufa," ya amsa, zuciyarsa fari tas.

Matsalar ita ce mu mutanen kirki ne. Kumagai Isaburo, shugaban ƙungiyar ƙauye, wanda suka yi makaranta tare da Shigezo kuma ba su taɓa shiri ba, shi ya fara lura. Ya tara matasan gari, wato waɗanda ba su kai saba'in ba, suka turo injin ƙungiya mai feso ƙanƙara gefe. Kafin rana ta yi tsaka sun buɗe hanya har ƙofa. Isaburo ya kashe inji, ya dubi aikin, ya dubi Shigezo, bakinsa har kunne.

"Kada ka damu, Shige. Kowa da ranar da bayansa ke gajiya. Gefen bai kai naka kyau ba, ka yi haƙuri da mu."

Me Shigezo zai yi? Ya sunkuya ya yi godiya, ya sake sunkuyawa. Ya dafa musu shayi, ya fito da daikon, farar saiwar nan da muke jiƙawa ta yi tsami, da dunƙulen shinkafa, ya raka su har titi yana cewa ya ɗora musu wahala. Suna juya baya, Kinue na barcin rana, ya ɗauko shebur ya shiga mayar da ƙanƙara inda aka ɗebo ta. Tsoho ɗan shekara saba'in da tara! Kuma da yake hannu ya saba, sai ya mayar da ita sumul, ko sawun tsuntsu babu.

Washegari Isaburo ya zo ya tsaya a bakin titi, ya dubi sama. Garau. Ya dubi hanya. Cike.

"Iska ce," in ji Shigezo.

"Iskar ba ta taɓa tawa ba."

"Taka hanyar ba ta da abin sha'awa."

Suka sake kwashewa, ya sake godiya, ya sake shayi, ya sake mayarwa. Haka aka yi ta yi har daikon ɗin gidan ya ƙare. Gari ya ɗauki zance. Wasu suka ce dutsen ne ke fushi, tsohuwa Hatsuyo mai sayar da wake ta kai hadayar lemo gindin itacen al'ul. Matasan nan kuwa suka fara ɓuya in sun ji ƙarar inji.

Sai kuma sama ta yi masa abin da ba a taɓa yi ba a tsakiyar sanyi: ta ɗauke. Rana ta fito ta yi ɗumi, rufin gidaje ya shiga ɗiga. Shigezo ya kwashe ta gonarsa, ya kwashe ta bayan rumfa, ya kankare ta kan rufi, duk bai hana baƙin tsakuwa leƙowa a kwanar hanya ta biyu ba. Ranar da ya ga tsakuwar nan, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don Kinue ta fara barin rabin abincinta.

A garin da maƙwabta ke daina gaisawa shekara guda saboda wani ya jefo shebur ɗaya na ƙanƙara ta kan shinge, Shigezo ya zama ɓarawonta. Ya ja katakonsa ya bi gida-gida lokacin da ake cin abincin rana. Hatsuyo ta fito ta tarar ƙofarta fes, ta fashe da kuka, ta ce ashe hadayarta ta karɓu. Wasu suka fara aiko masa da kifi. Shi dai ya sunkuyar da kai ya wuce da kayansa kamar mai ɗauke da gawa.

Isaburo ne ya kama shi. Ya hau hanyar ƙafa da sandarsa, ya tsaya gaban wani sabon tuli, ya tsura masa ido.

"Shige, wannan ƙanƙarata ce."

"Sunanka ne a jiki?"

"Ga fitsarin karena nan, rawaya. Ga ɓawon lemon da na yar jiya. Kai, tsufa ne ya taɓa maka kai? Mu kwasa ka mayar, mu kwasa ka mayar, yanzu har sata? Bayana bai miƙe ba tun watan jiya saboda kai!"

Shigezo ya buɗe baki zai yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi fitowa. Ya waiwayi gida, ya rage murya.

"Ta ce in mota ba ta iya zuwa ƙofa, ba za ta tafi ba."

Shi Isaburo tasa matar ta rasu da bazara, hanya a buɗe wayam. Ya fyace hanci, ya ce, "Sakarai. Ai sai ka faɗa. Da shebur kake wannan aiki kamar mutumin da?"

Da yamma injin ƙungiya ya dawo, an juya bakinsa ciki. Kowa ya kawo tasa. Mai baro ya kawo a baro, mai motar gona ya juye a bakin hanya, Hatsuyo ta zo da tata a tukunyar dafa wake. Aka tattake, aka yayyafa ruwa don ta daskare. Tudu ya tashi har ya shanye sandunan nan masu ja da fari da ke nuna gefen hanya. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ga dattawan gari na gina dutse a kan hanyar majiyyaciya, ta hau ta wuce. Gaskiya mun ji daɗin aikin nan fiye da duk bikin da aka yi a shekarar.

Kinue kuwa ta cika alkawari. Ba ta mutu ba. Amma ta daina ƙorafin gishiri, ta daina shan ko ruwan shinkafa, allurar ma'aikaciyar ta daina kai ta ko rabin yini. Wata safiya Shigezo na ɗaura takalman ƙanƙara a bakin ƙofa, ta kira shi da muryar da sai ya matso ya ji.

"Tsoho, na gaji."

"Ki ɗan yi barci."

"Ba irin wannan gajiyar ba. Kana zaton ban sani ba? Shekara hamsin ina jin sheburinka. Ƙarar mai jefarwa daban, ƙarar mai dawowa da ita daban."

Ya tsaya da igiyar takalmi a hannu.

"Na ƙyale ka ne," ta ce. "Tun da na aure ka ba ka taɓa yin wauta saboda ni ba. Ta yi mini daɗi, har na so ta daɗe. Amma ciwon nan ya fi ƙarfina. Buɗe mini hanya."

Ya fita. Ya ɗauki shebur ya sara tudun, ƙarfe ya yi ƙara ya dawo, ko ɓalli bai yi ba. Isaburo ya hango shi daga titi ya hauro. Fuskar Shigezo ta gaya masa komai.

"Da hannuna zan yi," in ji Shigezo. "Hanyata ce, inji ba ya gyara gefe."

"Da shebur kam sai furanni sun fito, Shige. Ka sani, na sani. In haka kake so, ba wanda zai ce maka uffan."

Haka yake so. Kai, yana so kamar ransa! Watanni biyu ne cur na ƙarin zama da ita, a hannunsa, kuma ba wanda zai zarge shi. Ya ɗaga shebur zai sake sara, sai ya jiyo ta ta cikin bangon katako, wani ɗan nishi da take dannewa don kada ya ji. Ya jingine shebur a jikin tudu.

"Kawo injin. Ka kira na titin gwamnati ma, babban."

Kafin rana ta faɗi hanya ta buɗe daga titi har ƙofa, gefenta a yage, duk taɓo da sawun taya, mafi munin aikin da aka taɓa yi a gidan. Shigezo bai ko dube shi ba. Ya shiga ya durƙusa kusa da ita.

"Hanya ta buɗe, tsohuwa."

"Mota za ta iya juyawa a ƙofa?"

"Har biyu."

"To zauna nan."

Ya zauna. Ya manta bai cire takalmansa ba, ƙanƙara na narkewa tana jiƙa mata tabarma. Kinue ta dubi takalman, ta dube shi, ta ƙyale shi da su.